Birkin Bayan Keken Umair Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani fushi da har yanzu bai sami inda zai sauka ba, Malam Umair na unguwar Kambarawa yana sanar da 'yan'uwa da abokan hawa rasuwar birkin baya na kekensa na hawan dutse. Marigayin ya cika a zauren wani gida da ke Gobarau, a hannun masu magani, sanadiyyar ciwon da ko kwanciya bai isa ya sa shi ba.

Duk wanda ya san marigayin ya san ba irin birkin da aka saba gani ba ne. Ba waya ke jansa ba. Mai ne ke bi ta cikin siririn tiyo, daga hannun keke har ƙafar baya, ya matse faifan ƙarfe tsakanin shu biyu, wato 'yan takalman birki da ke damƙe shi. Da yatsa ɗaya ake yi masa magana, kuma bai taɓa jira a maimaita ba. Ya tsaya wa akuya a kwanar Babbar Kasuwa. Ya tsaya wa ɗan acaɓar da ya juyo babu ko sigina. Da damina ya gangara kwazazzabai cikin taɓo bai kunyata ubangidansa ba. In yana aiki, abin da yake cewa kawai shi ne "shhh", a hankali, kamar mai lallashin jariri.

Ciwon ajalin ya fara ne da ɗan kuka, "tsiy, tsiy", saboda faifan yana gogar shu ɗaya. Umair ya san maganin sarai: a sassauta kusoshin da ke riƙe da kan birkin, a matse hannu don ya daidaita, a sake ɗaurewa. Ya bar aikin sai Asabar. To amma kafin Asabar akwai Juma'a, ranar da yake zuwa gaida surukai.

Mahaifin matarsa, wanda kunya ta hana a ambaci sunansa a wannan sanarwa, tsohon tela ne mai mutunci. Laifinsa ɗaya: a wurinsa duk abin da ya yi ƙara ƙishi yake ji. Ƙofa, fanka, amalanke, kowa ya sha daga gwangwanin mansa mai dogon baki. Umair ya jingine keke a zaure, ya shiga ciki gaida Hajiya. Ya fito ya tarar da faifan yana ƙyalli, dattijon yana goge hannu da ƙyalle.

"Tun daga bakin layi na ji yanda yake kuka," in ji dattijon. "Na ɗan sa mashi mai. Ku yaran yanzu ba ku tausayin ƙarhe."

Mai a kan faifan birki, jama'a! Abin da aka ƙera don ya kama, shi aka shafa wa santsi!  Umair yana tsugune, kansa a ƙasa, ya ce, "An gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

A hanyar komawa gida marigayin ya yi iya ƙoƙarinsa. Aka matsa, ya yi wata kururuwa da ba a san shi da ita ba, keke bai tsaya ba sai cikin baron wani mai tumatir. Umair ya isa gida da gwiwa a kwaile, riga jawur, bakinsa ɗauke da zagin da mai tumatir ya ba shi kyauta. Ko a nan da sauran rai, don wanke faifai da sauya shu sun isa su tashe shi. Sai dai Zulaihat, uwargidan Umair, ta riga ta buga wa mahaifinta waya don ya yi jaje. Dattijo ya ce a kai masa keken. Wa zai ce a'a?

A zauren nan aka ƙarasa shi. Aka cire taya, aka yi ta matsa hannun birki babu faifai a tsakani, har shu biyun suka haɗe baki. Aka sa sukurudireba aka ɓanɓare su da ƙarfin tsiya, mai ya tsiyaye ƙasa. Sai ga maƙwabci, Malam Dabo, tsohon direba, da ragowar man birkin mota a gora, aka ɗura masa. Bawan Allah da duk rayuwarsa irin mai ɗaya yake sha! Robobin cikinsa suka kumbura, suka saki. Da Umair ya je ɗaukarsa ya matsa, hannun birkin ya tafi luu har ya taɓa kan keke, babu kowa a gida. Maganarsa ta ƙarshe ita ce "fuss".

Ya rasu ya bar faifai da tiyo cikin maraici. Ya bar takalmin Umair na dama, wanda ke riƙon ƙwarya a halin yanzu, dunduniyarsa har ta cinye. Ya kuma bar ɗan'uwansa da suka zo duniya tare, birkin gaba, lafiyayye garau, wanda shi kaɗai ya rage tsakanin Umair da asibiti.

Saboda wannan maraya Umair ya ɗaura niyyar buɗe baki. Ya yi ta shirya magana mai ladabi, yana gwadawa a tsakar gida: Baba, wannan birkin ba ya son mai, a yi haƙuri a bar shi. Zulaihat ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ni dai babu ruwana. Ka hwaɗa mashi da bakinka."

Juma'ar da ta wuce ya tafi a ƙasa, ya bar keke a kulle a ɗaki. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da gwiwa. Sai dattijo ya leƙa zaure.

"Ina keken? Ai irin ciwon nan dangi yake bi. Ka taho da shi Juma'a mai zuwa in duba na gaban tun bai kama shi ba. Malam Dabo ma ya ce da sauran mai."

Umair ya ɗago, ya cika ƙirji da iska. Duk maganar da ya shirya ta taho har maƙogwaro. Abin da ya fito shi ne, "To, Baba."

Ba za a yi wa marigayin salla ba, kasancewarsa ƙarfe. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gidan Umair da ke Kambarawa. Ana gargaɗin masu ta'aziyya da kada wanda ya ce, "Ai da ka gaya masa." Mai jin ya isa, ga hanyar Gobarau nan, ba a rufe ta ba.

An ɗage jana'iza zuwa Asabar mai zuwa da hantsi, a gindin bishiyar bedin bayan gida. Ana roƙon masu haƙa su faɗaɗa ramin yadda zai ɗauki biyu.