Ranar da Danjuma Ya Yi Mini Kirari

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da Danjuma ya zo kallon "dambena" a Dubai.

Likita ne ya ce tumbina ya yi yawa, shi ya sa na shiga koyon aikido a unguwar Al Qusais. Wasan kare kai ne na Japanawa. Malaminmu ya ce wanda ya ƙirƙiro shi tsohon soja ne da ya gaji da faɗa, ya nemo yadda mutum zai kare kansa ba tare da ya ji wa maharinsa ciwo ba. Babu gasa, babu wanda ya ci wani. Duk na ji wannan da kunnena, amma a gidan hayarmu na Al Muraqqabat cewa na yi ina koyon "damben Japan" (har da ɗan girgiza kafaɗa, Allah Ya yafe mini). Nan take aka daina tsokanata da tumbi, aka koma kirana Gwarzo. Sunan nan ya yi mini daɗi ba kaɗan ba.

Danjuma, abokin ɗakina mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, mayen kallon dambe ne tun a Kaduna. Da ya ji za mu gwada wasan a gaban baƙi, ya rantse sai ya zo. Abin da ban gaya masa ba, aikina a ranar shi ne in kai hari, wata 'yar Filifin 'yar firit ta kayar da ni.

Ranar ta zo, ɗakin wasan tsit. Na kai hari, ta juya, na mirgina yadda aka koya mini, na tashi. Sai ga muryar Danjuma:

"Haba Gwarzo! Yalla, maza tashi ka rama! Bijimin Al Muraqqabat, kowa ya ja da kai ya kwana asibiti!"

Kirari fa mugun abu ne. Kaina ya kumbura, na tattara ƙarfina kaf na afka mata da gaske. Baiwar Allah ko tare ni ba ta yi ba. Gefe ta matsa, ta ɗan ja hannuna, ƙarfina ya ƙarasa mata aikin. Na wuce tabarma, na kife kan takalman baƙi da aka jera a bakin ƙofa. Abin da ya fi ba ni kunya, har na kai ƙasa tana riƙe da rigata don kada kaina ya bugi bango.

"Khalas, shi ke nan," in ji Danjuma a hankali. "Taso mu tafi gida, ɗan'uwa."

Malam bai yi mini faɗa ba. Baƙi ya kalla ya ce, "Kun ga yadda ta kare shi? Wannan shi ne aikido." Aka tafa (ba ni aka tafa wa ba).

Sunan Gwarzo a kan takalman nan ya mutu. Yanzu Tumbi Mai Mirgina ake ce mini, kuma ina amsawa. Ban daina zuwa ba. Sai dai duk wanda ya tambaye ni me nake koyo, gaskiya nake gaya masa: faɗuwa. Alhamdulillahi, duk gidanmu babu wanda ya kai ni iyawa.