Yadda Za Ki Ceci Bishiyarku Daga Maƙwabci Mawaƙi

Idan maƙwabci ya rantse sai an sare muku bishiya, bi matakan nan. Ba sa kuskure. An gwada su a kan yayata Chizuru, ina raɓe a bayanta.

1. Gano inda yake masa ciwo

Namu maƙwabcin Baba Kuwabara ne. Ganyen kanyar da marigayiya kakarmu ta shuka yana toshe masa indararo, ya yi ta kai ƙara har Babanmu ya gaji ya kira mai zarto. Amma tsohon yana da rauni: tun da ya shiga taron masu haiku, wato gajerun waƙoƙi masu layi uku, inda kowa ke zaɓar wadda ta fi burge shi, ba a taɓa zaɓar waƙarsa ba.

2. Shiga taron

Durƙusa, sha shayi, kada fuskarki ta nuna ƙafa ta sage. Ba a sa suna a jikin waƙa, wani ma ke kwafe su da hannunsa, don haka sai kin yi farautar tasa. Chizuru dai ba ta sha wuya ba:

Ganye ya faɗo.
Indararo ya toshe.
Wa zai hau tsani?

3. Yaba

Rufe ido, ja dogon numfashi. In kin daɗe shiru, za a ɗauka kin gane.

"Ni wannan na zaɓa," in ji Chizuru. "Kaɗaici ne zalla. Tsoho da bishiya, kowa na jiran ɗan uwansa ya fara faɗuwa."

Malama Sumie, shugabar taron, ta gyara tabarau. "'Yar nan, ni dai indararo na gani."

Sai murya ta tashi daga kusurwa: "Kuwabara!" A al'adar taron, wanda aka zaɓi waƙarsa shi ke kiran sunan kansa. Shi kuwa bai saba ba, har shayi ya kife masa a cinya.

4. Karɓi abin da kika shuka

Ranar da mai zarto ya zo, Baba Kuwabara da kansa ya tare ƙofa. "Kai, yaro, in ka sare ta, in yi wa me waƙa? Katanga?"

Yanzu kullum da sassafe yana ƙofarmu da sabuwar waƙa. "Chizuru, 'yata, fito! Wani ganyen ya faɗo!" Ta fito, ta rufe ido, ta ja numfashi. Bishiyar kuwa ba ƙaramin ganye gare ta ba.

Gargaɗi: bishiya kawai na ce za ki ceta, ban ce da barcinki ba. In abin ya ishe ki, don Allah kada ki ambaci sunana. Chizuru ma, da na ba ta wannan shawara, har yau ba ta kula ni.