Ranar da Na Zuba wa Masu Zamiya Yashi

Ko mantuwa za ta ci ni har in kasa tuna sunan kakana, wata safiyar Asabar ba za ta taɓa fita daga kaina ba. Shekarar ce jami'armu ta nan Wudil ta tura ni ƙarin karatu a wani ɗan ƙaramin gari can arewacin Turai. Ni ɗan Kausani ne, ɗan manoma, kuma kafin tafiyar nan ƙanƙarar da na sani ita ce ta cikin zoɓo.

Wata biyar na yi a garin babu wanda ya tambaye ni yadda na kwana. Ka gai da mutum, ya ɗaga maka gira ya wuce. (Akwai ranar da na kama kaina ina yi wa firij "ina gajiya".) Don haka da na ga sanarwa ana neman mai taimakawa wajen gyaran hanyar zamiya a dajin bayan gari, da gudu na je. Ba biya ake yi ba. Ni dai mutum nake nema.

Ga yadda wasan yake: su ɗaura wasu dogayen katakai sirara a ƙafa, su riƙe sanduna biyu, su yi ta sulalewa a kan dusar ƙanƙara cikin daji. Mai kula da hanyar wani dattijo ne mai farin gemu, ya haura saba'in. Sunansa ya fi ƙarfin harshena, sai na koma ce masa Baba, shi ma bai hana ba. Yana da wani babur na ƙanƙara mai jan ƙarfe mai haƙora kamar garmar shanu, ya farfasa saman, ya daddale, ya fitar da kwari biyu inda katakan za su bi. Ni kuwa aikina shebur da kwashe rassan da suka faɗo. In mun gama, mu zauna a wata 'yar bukkar katako ya zuba mini shayi daga fulas, ya ce, "Akwai sanyi yau." In ce, "Akwai, Baba." Wallahi hirar ke nan, amma ita nake jira tun daga Litinin.

Da sanyi ya zo ƙarshe sai yanayi ya rikice. Rana ta fito ta narkar da saman, kafin gari ya waye ya sake daskarewa ya zama kamar gilashi. Akwai wani gangare a tsakiyar hanyar, ranar Juma'a a gabana wata tsohuwa ta zame a nan ta sha ƙasa. Na ce wa Baba mu yi wani abu. Ya ce, "Haƙoran ba sa kama shi yanzu. Mu jira rana ta tausasa shi gobe, sai mu bi." Na ce to, amma a raina na ce Turawan nan da iliminsu ashe abu kaɗan ke gagararsu. A garinmu in damina ta sa ƙofar gida santsi, wa ke jiran rana? Yashi ake zubawa. Mu da muka tashi a bakin kogin Wudil, ai ba a koya mana amfanin yashi ba.

Kuma, in faɗi gaskiya, so nake Baba ya dafa kafaɗata ya ce na kyauta.

Ina idar da sallar asuba na nufi wurin ajiye motoci, inda akwai akwatin yashi da tsakuwa na zubawa a hanyar masu tafiya a ƙafa. Baro bakwai na tura. Na watsa shi a gangaren nan tsaf, yadda Babanmu ya koya mini watsa taki, ban bar ko taku ɗaya ba. Na yi gumi a cikin sanyin da ke daskarar da majina. Sai na koma ƙasan gangaren na tsaya, na dogara da shebur, ina murmushi ina jiran yabo.

Ranar kuwa ƙungiyar tsofaffin garin ke fitowa, kuma Baba ya zo dubawa a kan katakansa, yana gabansu. Ya taho a guje, gemu na kaɗawa. Katakan na hawa yashin suka tsaya cak. Baba bai tsaya ba. Ya yi gaba shi kaɗai, ya sauka da fuska. Na bayansa ya bi, sai na bayan wancan, tim, tim, har mutum shida a zube a gabana, ni kuma murmushin bai gama sauka daga fuskata ba.

Da a Wudil ne, da an zage ni tas, an tambayi ɗan gidan wa ne, a yi dariya a wuce. Waɗannan kuwa tashi kawai suka yi suna kakkaɓe jiki. Baba ya miƙe, ya kwance katakonsa, ya juya bayansa ya duba. Wurin da yakan shafe awa guda yana gogewa da kakin zuma ya zama kamar an ja shi a kan kwalta. Bai ma tambayi wa ya yi ba, ga shebur a hannuna.

Na ce, "Baba, santsi ne ya yi yawa. A garinmu haka muke yi."

Ya dube ni ya ce a hankali, "Ɗana, santsin muka zo nema."

Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ita ma a daskare take.

Abin bai tsaya nan ba. Ashe yashi ba ya kwasuwa daga ƙanƙara, kuma duhunsa yana jan zafin rana. Cikin kwana uku gangaren ya narke har ƙasa, hanya ta rabu biyu, aka rufe ta sai baɗi. Babu hanya, babu aiki, babu zama da Baba. Bai kore ni ba, bai yi mini faɗa ba, kawai dai babu dalilin da zai sa ya kira ni. Na koma ɗakina. Asabar uku a jere ina sa takalman aiki in zauna a bakin gado, daga baya in cire. Na yi kewar tsohon nan har na yi hawaye, ba na jin kunyar faɗa.

Riba ɗaya na ci: garin ya san da ni. In na shiga kanti sai in ga ana zungurar juna ana cewa ga mai yashi nan.

Yanzu ina nan Wudil ina koyarwa, ɗalibai suna cewa Malam ya cika tambaya. Gaskiyarsu. Ko tsohuwa na gani ta faɗi a hanya, zan ɗaga ta, amma kafin in gyara mata wurin sai na fara tambaya ko da gangan take bi ta nan.