Takardar Sallama ga Sikelin Bayan Ƙofa

Aikin farko na yau: wasiƙar nan, kafin in taɓa keken ɗinki.

Zuwa ga Mai Girma Sikelin Awon Jiki, Alƙalin Alƙalan Gidanmu, mazaunin bayan ƙofar banɗaki.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan allurarka tana cikin ƙoshin lafiya, ni ce telar da ta shigo da kai gidan nan shekara uku da suka wuce. Sau biyu ina yaga wasiƙar nan, don ban tabbata ina da bakin magana ba. Ga ta dai.

Na ɗaya. Sai na yi wa 'yata magana sau uku kafin ta ɗago kai daga waya. Kai ko baki ba ka da shi, amma da ka nuna lamba sai ta bi. Wace makaranta ka yi, in je ko sharar aji ce in riƙa yi?

Na biyu. Shekarunta goma sha biyar. Babanta yana kiranta Kumatu tun tana rarrafe. Yanzu in ya kira sai ya tsaya yana neman inda kumatun suka shiga. Da safe ta ce za ta ci a makaranta, da yamma ta ce ta ci a makaranta. Jiya na zazzage jakarta na tarar da burodin Litinin da na Talata, a naɗe tsaf kamar amana. Yarinyar da lissafi ke ba wa wuya a aji, ita ce ke ƙirga ƙwayar shinkafa a cokali. Na gode da darasin, amma ba shi muka nema ba.

Na uku. Ashe kana da wakilai. Gwaggonta ta zo ta juya ta gaba da baya, ta ce yarinya ta zama 'yar gayu, ba irin uwarta ba. Aka yi dariya. Har da ni.

Na huɗu, ban sani ba ko laifinka ne ko nawa. Ina da littafin da nake rubuta komai. Kullum da safe in hau ka, in rubuta lamba, in ja tsaki, ita kuwa tana gefe tana goge baki tana kallona. Na koma na duba littafin: sau uku cikin wata huɗu na rage mata ƙugun siket ɗin makaranta. A na ukun har na rubuta, "Ɗinki ya fita da kyau." Abin da na gani ke nan, ranka ya daɗe. Ɗinki.

Ranar Laraba ta yanke jiki ta faɗi a layi a makaranta, malamarsu ta kira ni. Da muka dawo gida ba ta nemi ruwa ba, wurinka ta nufa. Na tambaye ta wace lamba ce take nema haka. Ta ce, "Mama, duk wadda na kai, sai in ga ba ita ba ce."

Saboda haka, cikin ladabi, an yi maka ƙarin girma. Za ka koma wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa, ka riƙa auna abin da ba ya jin yunwa. Na san tafiyarka ba magani ba ce, maganin sai likita da lokaci. Amma gidan ya yi mana kaɗan mu da kai.

Taka mai biyayya har ƙasa, wadda ba za ka sake sanin nauyinta ba,
Maman Kumatu, tela.

Na gobe:
– Asibiti ƙarfe tara, tare da babanta.
– Gwaggo: a ce ta kama bakinta. A nemo lafazi mai laushi.
– Ƙwai biyu. In ci nawa a gabanta, ba tsaki.
– Siket: ban yanke rarar yadin ba, ta ciki na naɗe shi. Kada a taɓa. Za a buɗe.