Rasuwar Jan Fentin Tarakta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Mai Tarakta da iyalinsa ke sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan noma rasuwar jan fentin taraktarsu, wanda ya cika a ƙarƙashin rumfar kwano yana da shekara talatin da ɗaya, bayan doguwar jinya.

Marigayin ya zo duniya ne a hannun mahaifin Mai Tarakta, wanda ya shafa shi da buroshi a wuni guda. Tsohon, Allah Ya jiƙansa, ba gwanin jira ba ne. Tun fentin bai sha iska ba ya danna babban yatsansa a murfin tayar baya, wai ya ji ko ya bushe. Ai kuwa bai bushe ba. Shatin yatsan na nan har yau, kuma duk safiya sai Mai Tarakta ya ɗora nasa a kai kafin ya tada inji, yana yi kamar ƙura yake sharewa. Kowa a gidan ya sani, ba wanda ya taɓa tanka masa.

An shaidi marigayin da haƙuri. Ya sha rana, ya sha ruwa, ya sha baƙin mai da kashin tsuntsaye, bai taɓa ɗaga murya ba. Sauti ɗaya aka san shi da shi: ƙaras, ƙaras, in farce ya sami gefensa.

Ciwon ya fara ne da dushewa. Daga ja ya koma ruwan hoda, sannan ya shiga zubar da gari, duk wanda ya jingina sai ya tafi gida da shaida a bayan riga. Matar Mai Tarakta, wadda wankin rigunan ke kanta, ta daɗe da cire rai. Daga ƙarshe tsatsa ta kama shi, ta ci har dab da shatin yatsan.

Mai fenti ya zo da injin gurza, ya zagaya gawar, ya ce, "Maigida, sai an kankare har ƙarfe."

Mai Tarakta ya gitta gabansa. "Wallahi ba za a yi wa gawar nan fiɗa ba."

Aka daidaita a kan samfefa ba za ta taɓa ko'ina ba sai inda tsatsa ta ci. Amma mai fenti bai ɓoye masa ba: shafi biyu na sabon fenti za su cike shatin, in kuma aka bar wurin a buɗe, tsatsa za ta cinye shi kafin damina ta fita. Mai Tarakta ya daɗe tsaye, idonsa ya kaɗa ya yi ja, ya fi marigayin ma. Ya ce a shafa.

Marigayin ya bar inji ɗaya mai tari, tayoyi huɗu, biyu sun yi sanƙo, da fitila guda mai aiki in ta ga dama.

Za a yi masa wanka ranar Asabar da hantsi, da ruwan ɗumi da garin sabulu, har maiƙo ya fita. Za a goge shi a hankali da soso mai kaushi, a lulluɓe shi da shafin farko mai ruwan toka, sannan a rufe shi a inda yake kwance.

Ana roƙon masu ta'aziyya su tsaya nesa, kada kowa ya taɓa sabon fentin don ya ji ko ya bushe. Mai Tarakta ya ce shi zai yi wannan da kansa, a murfin tayar baya, tun fentin bai sha iska ba.