Nomau da Burgamin Kawunsa

A ƙauyen Rafin Gawo an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ƙato ne mai ƙarfin tsiya, ba ya faɗa, ba ya ƙarya, ba ya ƙiwuya. Aibinsa ɗaya: yadda magana ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Yana zaune da matarsa Tabawa a gidan kawunsa Shekarau, Sarkin Bakan garin. Shekarau ya tsufa, bayansa ya daina ɗaukar kaya, amma idonsa da hannunsa suna nan ras, kuma da naman dajin da yake harbowa ake cefane a gidan. Don haka da kaka ta wuce ya ce Nomau ya riƙa bin sa daji yana riƙe masa burgami, jakar fatar da yake zuba kayan harbi. Da Tabawa ta ji, ta ce, "Allah ya sa a dace," ta ci gaba da tankaɗenta.

Wata rana Shekarau ya ce, "Nomau, gobe da sassafe za mu bi sawun barewa. Duk abin da ake farauta da shi ka zuba a jaka, kar ka bar ko ɗaya." Nomau ya ce, "To, Kawu." Ya tattaro albarushi da dalma, da wuƙa, da igiya, da ashana, da gorar ruwa, da ƙunshin kilishin guzuri. Sai ya hango Duna, karen farauta, kwance a gindin rumbu. Burgami ba zai ci shi ba, ya samo buhu ya juye komai ciki har karen. Da safe Shekarau ya yi ta fito, kare bai zo ba, ya haƙura suka tafi. Sai da suka kai fadama ya ji gurnani a bayan Nomau. Aka kwance buhu, Duna ya fito ciki tim, ya cinye kilishin tas, ya nemi inuwa ya miƙe ƙafa. Nomau ya ce, "Ai da shi ake farauta, Kawu." Shekarau ya dube shi ya ce, "Da shi ake." Suka koma gida da yunwa.

Wata rana raɓa ta taɓa albarushi. Shekarau ya murza shi a yatsa ya ce, "Wannan ya ji sanyi. Kai shi inda zai ji ɗumi." Shi rana yake nufi. Nomau kuwa in ya ji sanyi bakin murhu yake zuwa, sai ya kai ƙahon albarushin ya jingina shi da dutsen murhu, inda Tabawa ta ɗora miyar kuka ta tafi ɗebo ruwa. Ba a jima ba aka ji dam! Tukunya ta yi sama, miya ta wanke danga, kaji suka watse har makwabta. Mutane suka shigo a guje suna tambaya ko watan Salla aka gani. Suka tarar da Nomau zaune, girarsa ta ƙone. Ya ce, "Ya ji ɗumin, Kawu." Tabawa ta tsinci fasassun tukunyar da uwarta ta ba ta, kwana biyu ba ta yi masa magana ba.

Wata rana Shekarau ya ɗaga burgamin ya ji nauyi, ya ce, "Maharbi ba jaki ba ne. Duk abin da ke da nauyi ka rage shi." Nomau ya zauna ya auna kowane abu a tafin hannu. Gora ta fi nauyi in da ruwa, ya zubar da ruwan. Wuƙa ta fi kubenta nauyi, ya zare ta ya ajiye a gida, ya sa kuben. Ranar Shekarau ya harbi gada mai ƙiba a bakin rafi. Suka same ta da sauran rai, tana shure-shure. Shekarau ya miƙa hannu baya ya ce, "Wuƙa, maza!" Nomau ya ɗora masa kube. Kafin su samo ko dutse mai kaifi gadar ta cika, ta zama mushe, ungulaye suka gaje ta. Makon nan tuwo da miyar da ba nama aka ci a gidan Sarkin Baka, abin da ba a taɓa yi ba.

Wata rana kuma suka isa gindin wata ɗorawa, Shekarau ya rataye ƙullin fura a reshe, ya ajiye burgami a ƙasa, ya ce, "Zan zaga in koro barewa ta nan. Ka sa ido a kan burgamin nan." Da ya dawo sai ya tarar da Nomau rub da ciki, ya manna idonsa na dama a jikin fatar. Birai sun sauke furar, barewa uku sun wuce ta bayansa, ga sawunsu nan sabo. Nomau ya ce, "In canza ido, Kawu? Wannan ya gaji."

Wata rana Shekarau ya shirya shiga daji mai nisa, can wajen wani tsohon kufai. Ya zuba kayansa da hannunsa, ya rataya burgaminsa, ya saɓa bindiga, bai ko kalli Nomau ba. Nomau ya biyo shi ƙofar gida ya ce, "Kawu, ni me zan ɗauka?" Shekarau ya ce cikin fushi, "Kai? Ɗauko tsanin rumbu. Barewar bana a kan bishiya take kwana." Ya yi gaba abinsa. Sai da suka yi tafiyar rabin wuni ya waiga, ya ga Nomau da tsanin gora mai tsawon gaba uku a kafaɗa, yana tafe yana duban rassan itatuwa. Komawa ta yi nisa. Shekarau ya yi tsaki kawai.

Da azahar ya harbi barewa, ta ruga da rauni cikin kufan. Ya bi jininta da sauri, idonsa a kan ciyawa. Sai ƙasa ta burme da shi. Tsohuwar rijiya ce da ciyawa ta rufe bakinta, ba ruwa, sai duwatsu. Hannunsa na dama ya karye a wuyan hannu. Igiyar da ke burgami ta ɗaure ƙafar nama ce, kamu huɗu, ba za ta kai ko rabi ba. Ga kuma wani abu yana huci a cikin wani kogo daidai gwiwarsa. Gari kuwa rabin wuni ne.

Kan Nomau ya leƙo daga sama. "Kawu, ka ce a bishiya take. Me kake nema a ƙasa?"

Shekarau ya buɗe baki zai ce ya sako tsanin, sai ya kame. Ya san in ya ce sako, sakowa za a yi, a kan ƙoƙon kansa. Ya auna kowace kalma kamar mai auna albarushi.

"Nomau, ka riƙe kan tsanin da hannu biyu. Ka ziro ƙafarsa cikin ramin a hankali, har ta taɓa ƙasa. In ta taɓa, ka ci gaba da riƙewa. Kar ka saki sai na ce ka saki."

"To, Kawu."

Haka aka yi, ba ragi ba ƙari. Shekarau ya hau da hannu ɗaya, taki ɗaya bayan ɗaya, yana kan na uku gamsheƙa ta fito ta fasa kai a inda ƙafarsa ta bari. Ya fito ya kwanta a ciyawa yana haki. Nomau yana nan durƙushe riƙe da tsanin, har sai da aka ce masa ya saki.

Suka sami barewar a bayan wani rusasshen bango. Suka ɗaure ta a kan tsanin, Nomau ya jawo ta har gida. Mutanen da ke zaune a bakin masallaci suka ga maharbi da tsani, suka fashe da dariya. Nomau ya ce musu, "Ta bishiyar ba mu same ta ba, sai ta ƙasa." Dariya ta ƙaru.

Shekarau ya tsaya, hannunsa ɗaure a tsumma, ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ku bar shi. Shekara arba'in ina Sarkin Baka a garin nan. Cikinku wa na taɓa sa aiki ya yi abin da na ce?"