Ranar da Na Mai da Iyalin Alhaji Hayaƙi

Zamanin da kuɗin mai ya shigo, ina malamin gona a Ƙanƙara, na sayo 'yar kyamara daga Kaduna, har da gilashin da ake murɗa mata a baki don ɗaukar abu kusa-kusa. Da shi furen auduga kan fito kamar faranti, amma duk abin da ya wuce kamu guda dushewa yake. A ganina na gama ƙwarewa.

Rannan ina rub-da-ciki a gonar Alhaji Sale a Ruwan Godiya, ina harin furen kuɓewa, sai ya ce, "Malam, tunda kuɓewa ta samu hoto, mu da muka shuka ta hwa?"

Muka nufi gida. Alhaji ya zuba babbar riga, aka jera 'ya'ya da jikoki, aka lallaɓo tsohuwarsa Inna, wadda ba a taɓa ɗauka ba. Na ja baya har jikin danga, ina ba da oda: "Kar wanda ya ƙifta ido!" Gilashin kuwa yana nan maƙale.

Da aka wanko daga Funtuwa, na miƙa hoton gaban jama'a ban ko duba ba. Iyalin duk sun zama hayaƙi. Abu ɗaya ne ya fito raɗau: wani ƙuda a kan ganyen dangar da ya leƙo gaban kyamarar, har gashin ƙafarsa.

Alhaji ya juya hoton, ya sake juyawa. "Malam, wanga ni ne ko Inna?"

Har yau in ƙuda ya sauka kaina a kasuwa, sai wani ya ɗaga murya: "Kar a kore shi, hotonshi ya zo amsa!"